KANO PILLARS: MASU GIDA SU GYARA GIDANSU

Sanin kowa ne cewa a duk faɗin Arewacin Nijeriya babu ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta kai Kano Pillars yawan cin gasar lig ta ƙasa, kuma da wuya a sami wadda ta kai ta yawan magoya baya. Sau huɗu tana zama zakarar ƙasa, sau ɗaya ta ɗauki kofin ƙalubale, sau ɗaya kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Amma wannan ƙungiya ɗin ce dai ta faɗa rukuni na biyu a shekarar 2022, kuma ita ce aka sake ci tara aka rufe mata fili a watan Oktoba na 2025 saboda tarzomar 'yan kallo. Ƙungiyar da ake ɗaukar nauyinta da dukiyar jama'ar Jihar Kano, take kuma ɗauke da sunan birnin duk inda ta shiga, ta cancanci a zauna a dubi tarihinta da idon basira, domin a gane abin da ya ɗaga ta da abin da ya kayar da ita.

Ƙwallon ƙafa ya daɗe da kafuwa a Kano kafin a haifi Pillars. Tun a 1953, zamanin mulkin Turawa, ƙungiyar da ta wakilci Kano ta doke Lagos Dynamos ta ɗauko Kofin Gwamna, wanda shi ne daga baya ya zama kofin ƙalubale na ƙasa. A 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta cinye gasar lig, shekara shida bayan Mighty Jets ta Jos ta buɗe littafin gasar da nasararta ta 1972. Dattawan da suka ga wasan Raccah har yau ba su daina ba da labarinta ba. Sai dai labarin kaɗai ya rage, gama ƙungiyar ta watse, ba ta bar fili ko makarantar horar da yara da za a nuna a ce nata ne ba. Wannan darasi ne da ya kamata duk mai ƙaunar Pillars ya riƙe, domin cin kofi bai taɓa hana ƙungiya mutuwa ba.

A shekarar 1990 ne aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, inda aka bukaci ƙungiyoyi su yi rajista su riƙa biyan 'yan wasa albashi bisa yarjejeniya. Domin kada a bar Kano a baya, sai aka haɗa ƙungiyoyi uku, watau WRECA ta hukumar ruwa ta jiha, da Kano Golden Stars, da ƙungiyar Bank of the North, aka fitar da guda ɗaya mai ƙarfi aka raɗa mata suna Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har abin ya tabbata. Hikimar da ke cikin wannan haɗaka a fili take. Maimakon a rarraba 'yan wasa da kuɗi da 'yan kallo gida uku, sai aka tara su wuri ɗaya, kuma tun daga ranar birnin ya sami tuta guda da kowa zai tsaya a ƙarƙashinta, daga Fagge har Ɗorayi, daga Sabon Gari har cikin ganuwa.

Sabuwar ƙungiyar ba ta daɗe ba ta nuna alamar za a yi da ita, gama a 1991 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta rinjaye ta. Bayan wannan kuwa sai aka shiga dogon jira. Shekara goma sha takwas cur ta yi daga kafuwarta kafin ta ɗanɗana kofin lig, alhali a tsakanin nan Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, da Shooting Stars ta Ibadan, da BCC Lions ta Gboko, da Julius Berger ta Legas, sannan Enyimba ta Aba, suna ta karɓa-karɓa. Duk da haka shekarun ba su tafi a banza ba. A cikinsu ne 'yan wasa irin su Ahmed Garba, wanda aka fi sani da Yaro-Yaro, da Sani Kaita suka fito suka yi suna, kuma a cikinsu ne jama'ar Kano suka saba da cika fili maƙil ko da ƙungiyar ba ta kan gaba a teburi. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ya samo ƙarfinsa ne daga wannan biyayya ta talakawa, waɗanda ke rufe shago da rumfa da la'asar su nufi filin wasa.

Haƙurin ya biya a 2008, lokacin da Kadiri Ikhana yake horar da ƙungiyar. Ikhana ba baƙo ba ne ga manyan kofuna, domin shi ne ya ciyo wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, karo na farko da wata ƙungiyar Nijeriya ta taɓa ɗaukarsa. Ya zo Kano da sanin yadda ake tafiyar da doguwar gasa, aka ba shi dama ya yi aikinsa, sai ga Pillars ta gama a kan gaba, Heartland ta Owerri tana biye da ita. Shekara talatin ke nan daidai tun nasarar Raccah Rovers kafin kofin ya sake kwana a Kano. Wannan nasara ita ce ta buɗe wa ƙungiyar ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009, wadda har yau ita ce ƙololuwar abin da ta taɓa yi a wajen ƙasa.

Ya dace a ɗan tsaya a kan wannan shekara ta 2009, domin matasa da yawa da ke cika fili yanzu ba su yi wayo ba a lokacin. A zagayen da ake tace ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, ƙuri'a ta haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, wadda ita ke riƙe da kofin, ta kuma ci shi har sau shida a lokacin. Masana ƙwallo a ko'ina cikin nahiyar sun ɗauka an gama magana tun ba a shiga fili ba. A wasan farko a Nijeriya aka tashi 1 da 1, sakamakon da ya ƙara wa Misirawa ƙwarin gwiwa. Amma da aka je Alƙahira sai aka tashi 2 da 2, dokar ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa ta fitar da Al Ahly, Pillars ta wuce. Daga nan ta shiga rukuni ɗaya da manyan ƙungiyoyin Sudan guda biyu, Al-Hilal da Al-Merrikh, tare da Zesco United ta Zambiya, kuma ƙarƙashin Ivo Sajh, mai horarwa ɗan ƙasar Sulobeniya, ta gama a saman rukunin.

Abin da ya biyo baya shi ne ciwon da har yau bai warke ba a zukatan magoya baya. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da 'yar'uwarta ta gida, Heartland, wadda ta lallasa ta da ci 4 da nema a Owerri, ta kuma biyo ta Kano ta ƙara mata 1 da nema. Heartland ɗin ma ba ta kai labari ba, gama TP Mazembe ta Kwango ta ƙwace kofin a wasan ƙarshe. Duk da wannan ɗaci, shekarar ta tabbatar da abu guda, watau ƙungiya daga Kano tana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kowace ƙungiya a Afirka idan an shirya ta da kyau. A kakar wasan da ta biyo baya kuma wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai mai suna Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a gasar lig, ya fi kowa, Pillars ta zo ta biyu, shi kuma ya wuce Holan, daga can Rasha da Ingila, har ya zama kyaftin ɗin Super Eagles, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Aisilan biyu a ta 2018.

Zamanin da Pillars ta fi haskakawa a cikin gida shi ne daga 2012 zuwa 2014, lokacin da ta cinye gasar lig sau uku a jere, biyu na farko a hannun Mohammed Baba Ganaru, na uku a hannun Okey Emordi. Kafin ita, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa yin irin wannan jeri. Abin da ya ƙara wa nasarar daraja shi ne lokacin da ta zo. A ranar 20 ga Janairu, 2012, aka kai wa birnin Kano munanan hare-haren da suka hallaka mutane masu yawa, aka sa dokar hana fita, kasuwanci ya ja baya, baƙi suka riƙa tsoron shigowa. A cikin wannan hali ne 'yan wasa irin su Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, da Gambo Mohammed, da Shehu Abdullahi, da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai, Musulmi da Kirista, 'yan Arewa da 'yan Kudu, suka ba birnin abin da zai yi murna da shi. Wanda duk yake ganin ƙwallo wasan yara ne, ya tuna da abin da waɗannan kofuna suka yi wa zukatan mutanen Kano a shekarun nan.

Ginshiƙin wannan mulki shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, filin da ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Daga tsakiyar 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, babu ƙungiyar da ta doke Pillars a gida a wasan lig, watau shekara goma sha biyu da wasanni fiye da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta karya ƙofin da ci 2 da 1. Wannan abin alfahari ne, ba shakka. Amma adalci ya bukaci a faɗi cewa a gasar Nijeriya ta waɗannan shekaru cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske ga kowace ƙungiya, saboda tsoron da alƙalan wasa ke shiga a gaban 'yan kallo da kuma wahalar doguwar tafiya a mota. Ƙungiyar da ta saba da tara makinta a gida, ba ta koyi yadda ake kare kai a gidan wani ba, ranar da ta fita ƙetare sai asirinta ya tonu.

Tarihin Pillars a Afirka bayan 2009 shi ne shaida. A 2011 Wydad ta Kasabalanka ta fitar da ita tun kafin a kai rukuni. A 2013 ta ci AC Leopards ta Kwango Barazabil 4 da 1 a Kano, jama'a suka watse suna murna, sai aka je can aka rama mata 3 da nema, dokar da ta taimake ta a Alƙahira ta juyo ta kore ta. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta cire ta a zagayen share fage. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta zuba mata 4 da nema, nasarar 2 da 1 da ta samu a Kano ba ta amfane ta da kome ba. A 2019 ta ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, aka doke ta 2 da nema a Kumasi. A 2020 kuma Jaraaf ta Senegal ta sallame ta daga ƙaramar gasar Afirka a zagayen farko. Duk wanda ya jera waɗannan sakamako zai ga ciwo iri ɗaya ne yake ta dawowa: a yi abin kirki a Kano, a je waje a zubar. Sau shida ana fita, ba a sake shiga rukuni ko sau ɗaya ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Sau da yawa lokacin da gasar Afirka ke farawa, gasar gida ba ta fara ba ko kuwa tana hutu, sai 'yan wasa su shiga fili ba su murje ba. Da zarar an ci kofi kuma sai fitattun 'yan wasa su watse, wasu zuwa ƙetare, wasu zuwa ƙungiyoyin da suka fi biya, a wayi gari ana neman sababbi ana saura makonni a fara. Bugu da ƙari, ƙungiyar da kuɗin tafiyarta ke jiran sa hannu a ma'aikata ba ta iya tsara tafiya da wuri, balle ta aika wanda zai leƙo wasan abokan karawa. Enyimba ta nuna a 2003 da 2004 cewa ƙungiyar gwamnatin jiha tana iya cin kofin Afirka idan aka ba ta kuɗi a kan kari aka kuma riƙe 'yan wasanta. Saboda haka ba za a ce ƙaddara ce ta hana Pillars ba. Shiri ne bai kai ba.

Ƙungiyar ta kuma sha jarrabawar da ba laifinta ba ne. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja tana kan hanyar Owerri domin wasan buɗe kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Mohammed. A watan Fabrairu na 2018 ɗan wasan bayanta Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. A wannan shekara ce kuma ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, ta sha gaban Enugu Rangers da ci 3 da nema, aka farke mata duka ukun, aka doke ta a bugun fenariti. Abin yabo shi ne ba ta karaya ba. A 2019, ƙarƙashin Ibrahim Musa, ta sake kaiwa wasan ƙarshe, ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a filin Ahmadu Bello na Kaduna, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66.

Sai dai a cikin wannan shekara ta murna ne alamar babbar cuta ta bayyana a gaban idon ƙasa baki ɗaya. A wasannin ƙungiyoyi shida na fitar da zakara da aka yi a Legas cikin watan Yuni na 2019, bayan an tashi kunnen doki da Rangers, magoya baya suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa, aka ci ƙungiyar tara mai nauyi. Da a ce an ɗauki wannan a matsayin gargaɗi, da abin da ya biyo baya bai faru ba. A 2020 aka mai da filin Ƙofar Mata wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Ranar da ta dawo gida a watan Afrilu na 2022, a wasa da maƙwabciyarta Katsina United, maimakon a yi bikin dawowa sai wasu suka tayar da hargitsi suka farfasa motar baƙi. Aka ci ta tarar naira miliyan 9, aka cire mata maki 3, aka kore ta daga filinta. Ba a rufa wata uku ba aka sake hukunta ta saboda wani babban jami'inta ya ci zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada.

Ƙarshen kakar 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Abin mamaki, tare da ita aka sauko da Katsina United, wadda aka fasa wa mota, da kuma Heartland, wadda ita da Pillars ne suka wakilci Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka shekara goma sha uku kafin nan. A 2023 duka ukun suka sake haurowa. An yi zaton wanda ya sha wannan ɗaci ba zai sake kusantar abin da ya jawo shi ba. Amma a watan Oktoba na 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi 1 da 1 a Kano, sai ga jama'a sun sake tsallake shinge suna bin alƙalai da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar ta sake cin tara, ta cire maki 3, ta rufe filin. Watau cikin shekara shida an maimaita laifi ɗaya sau uku, kuma kowane karo 'yan wasan da suka yi gumi suka tara maki su ne suka biya bashin da ba su ci ba.

Gaskiya ɗaya ce, kuma daga ƙinta sai ɓata: wanda ya jefi alƙalin wasa ko ya fasa motar baƙo maƙiyin Pillars ne, ko da kuwa rigarta ce a jikinsa. Kirarin "Masu Gida" nauyi ne a kan mai shi, gama a al'adar Bahaushe mai gida shi ne mai kare mutuncin baƙonsa, ya ba shi ruwa, ya raka shi har ƙofa. Birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar fatake daga Agadas da Gwanja da Borno da Tarabulus, ya kuma yi arziki da amanar da baƙi suka ba shi, bai kamata a ce 'yan wasa ashirin daga Ibadan ko Katsina suna fargabar shiga cikinsa ba. Idan ana zargin alƙalin wasa da son kai, akwai hanyar kai ƙara a rubuce, kuma hukumar gasar tana da alhakin hukunta alƙalin da aka kama da laifi a bainar jama'a, domin rashin yin haka yana cikin abin da ke hura wutar. Amma kuskuren alƙali bai taɓa halatta duka ba.

Gyara na farko yana wuyan Gwamnatin Jihar Kano, wadda ita ce mai ƙungiyar. Al'adar rushe hukumar gudanarwa duk lokacin da gwamnati ta sauya ko aka yi rashin nasara a 'yan wasanni, da sallamar mai horarwa tun bai san sunayen 'yan wasansa ba, ita ce ke hana a yi tsari na shekara biyar ko goma. Wajibi ne a yi wa ƙungiyar doka ta dindindin wadda za ta ƙayyade wa'adin shugabanni da sharuɗɗan naɗa su, a ware mata kasafi sananne da za a riƙa saki a kan lokaci, a kuma riƙa buga lissafin shiga da fitar kuɗinta kowace shekara, har da kuɗin ƙofa da na sayar da 'yan wasa. Dukiyar jama'a ce, jama'a kuwa suna da haƙƙin sanin inda ta shiga. Naɗa Ahmed Musa babban manaja da aka yi a 2025, bayan ya dawo ya sake sa rigar ƙungiyar, ya nuna an fahimci amfanin ba da ragama ga wanda ya ga yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Sai dai mutum ɗaya, kome sunansa, ba ya maye gurbin tsari.

Na biyu, lokaci ya yi da za a buɗe ƙofa ga attajirai da kamfanoni da su kansu magoya baya su sa hannun jari. Kano cibiyar ciniki ce, kuma abin kunya ne a ce ƙungiyar da ke tara dubban mutane kowane mako ba ta iya ɗaukar ko rabin nauyin kanta. Al Ahly, wadda aka kafa tun 1907, ƙarfinta yana ga mambobinta masu rajista da ke biyan kuɗi suna zaɓen shugabanni. A nan gida ma Remo Stars ta Ikenne, ƙungiya mai zaman kanta da ta gina filinta da makarantar horar da yara, ta cinye gasar lig a 2025. Amma a yi hattara kada a miƙa ƙungiyar ga mutum ɗaya, domin Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe a shekarun 1980, ranar da masu su suka janye hannu kuwa sai suka ɓace. Abin da ya fi dacewa shi ne mallaka ta tarayya, gwamnati da 'yan kasuwa da magoya baya kowa da kasonsa, yadda ficewar ɗaya ba za ta rushe ginin ba.

Na uku, tsaron fili aiki ne da ake koya, kuma kuɗin da za a kashe a kansa bai kai tarar da ake biya ba. A daina sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, a hana shiga da duwatsu da sanduna da kayan maye, a kafa na'urorin ɗaukar hoto, a horar da masu kula da 'yan kallo, a gyara shingen da ke raba jama'a da fili. Wanda aka kama ya tsallaka ko ya yi jifa a gurfanar da shi gaban kotu, a hana shi shiga fili, kada a saurari roƙon kowane babba a kansa. Ƙungiyar magoya baya ita ta fi kowa sanin 'yan tsirarun da ke ɓata mata suna, saboda haka ita ya kamata ta fara nuna su. Malamai da masu unguwanni da gidajen rediyo su ma suna da rawar takawa, gama yaran da ke wannan aika-aika 'ya'yan unguwanni ne da aka san iyayensu.

Na huɗu, a koma ga tushe. Babu unguwa a Kano da ba ta da filin da yara ke buga ƙwallo da yamma, kuma daga irin waɗannan filaye ne Rabi'u Ali da ire-irensa suka fito. Ƙungiyar da ke zaune a tsakiyar wannan arziki bai kamata ta riƙa kashe kuɗi kowace kaka wajen sayen 'yan wasan da wasu suka sallama ba. A kafa makarantar horarwa ta gaskiya, mai ɗakunan kwana da azuzuwan karatu, domin yaron da ƙwallo bai karɓe shi ba ya fita da ilmin da zai riƙe kansa. A rubuta yarjejeniya mai ƙarfi da kowane yaro da iyayensa, yadda idan ya tafi Turai ƙungiyar za ta sami haƙƙinta, kuɗin kuma ya shiga asusunta, kada ya zarce aljihun dillalai.

Tarihin shekarun nan tun daga 1990 ya nuna cewa duk lokacin da aka ba ƙwararren mai horarwa dama, aka riƙe 'yan wasa, aka biya su haƙƙinsu, Pillars takan kai inda ba a zata ba, har ta fitar da zakarun Afirka a gidansu. Ya kuma nuna cewa faɗuwarta mafi muni daga cikin gida ta taso, daga hannun masu cewa suna sonta da masu riƙe da ragamarta. Kofin lig na ƙarshe da ta ɗauka tun 2014 ne, yaran da aka haifa a shekarar har sun isa shiga makarantar sakandare. Ya rage ga gwamnati da shugabannin ƙungiyar da magoya bayanta su zaɓi abin da waɗannan yara za su gada, ko ƙungiya mai rai da za su shiga fili su kalla cikin kwanciyar hankali, ko kuwa labari irin na Raccah Rovers. Allah Ya ba masu gida ikon gyara gidansu, amin.